Daga Sifawa zuwa Shagari a Ƙafa: Shirin Bin Wani Yanki na Hanyar Jama'ar Shehu

Matafiyin da ya shiga mota a Sakkwato ya nufi Jega ko Yawuri, in dai titi ya yi kyau kuma direba bai tsaya ɗaukar kaya ba, ba zai cika sa'a guda ba sai ya ga ya bar Boɗinga a bayansa, ya wuce mararrabar Yabo, ya iso Shagari, alhali kuwa bai riƙe kome ba daga abin da idonsa ya gani face jar ƙasa da itatuwan gawo da buhunan albasa a bakin hanya. Wannan ƙasa kuwa da mota ke haɗiyewa cikin ƙiftawa da bismilla, ita ce wadda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan sa, suka yi shekaru suna kai da kawowa a cikinta, da mata da yara da tsofaffi, da littattafai a bayan raƙuma da takarkarai, kafin Allah ya nufe su da wurin zama. Ra'ayina shi ne ya kamata samarinmu da malamansu su koma su taka ta da ƙafa, ko da yanki guda ne, kuma su yi haka da shiri irin na masu hankali, domin tafiyar da ba a shirya ba a wannan zamani tana iya zama sanadin nadama ga mai yin ta da kuma mutanen da ya sauka a wurinsu.

A wasu ƙasashe irin wannan tafiya ta zama al'ada mai tsari. A gabashin Amurka akwai wata hanya da ta bi ƙololuwar duwatsun Afalashiya, tsawonta kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Main, an kuwa gama share ta tun 1937. An shafa farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu domin kada mutum ya ɓata, an gina rumfunan kwana a tsakani, kuma masu sa kai ne ke gyara ta shekara da shekaru. Wanda ya ɗaura niyyar gama ta a karo ɗaya sai ya yi wata biyar zuwa bakwai yana tafiya, saboda haka mafi yawan masu bin ta yanki suke zaɓa, su yi mako guda ko biyu, su koma gida, baɗi su ɗora daga inda suka tsaya. Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne ga wannan sha'ani, gama tun zamanin Abbasiyawa Sayyida Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa wajen haƙa rijiyoyi da gina matattarar ruwa a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, har hanyar ta ɗauki sunanta zuwa yau. Kakanninmu kuma sun je hajji a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, fatakenmu sun je Gwanja sun komo da goro, kuma kowane ayari yana da madugu da jagaba da zangunan da aka sani.

To, muna da tamu doguwar hanya a nan ƙasar Sakkwato, sai dai ba wanda ya kafa mata alama. Ta fara daga Degel, inda Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, wanda ya yi daidai da Zulƙida ta shekarar 1218 bayan hijirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A watan Yuni aka yi gumurzun Tafkin Kwatto. Daga nan, da abinci ya yi ƙaranci a Gudu, jama'a suka gangaro kudu zuwa Magabci kusa da Yabo. Suka sake komawa ƙasar Gobir, inda aka yi musu babbar hasara a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara. Suka sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Sa'an nan, bayan an ci Birnin Kabi a 1805, suka tare a Gwandu. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808 ƙasa ta lafa, Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato a 1809, Shehu ya taso daga Gwandu ya zauna Sifawa wajen 1810, bai koma Sakkwato ba sai 1815, a can kuwa ya cika a watan Afrilu na 1817. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara wannan zagaye duka a waƙarta ta Fulatanci, wadda ɗan'uwanta Isa ya mayar da ita Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye. Abin da littattafai suka adana mana shi ne sunayen masaukai da abin da ya auku a cikinsu. Turbar da ke tsakani kuwa, mai tafiya ne zai haɗa ta da taimakon mutanen ƙasa.

Kada mai karatu ya zaci zai hau manyan duwatsu. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan tuddai masu shafaffen kai waɗanda jar marmara ta rufe, da fako mai tsakuwa inda sabara da geza kaɗai ke iya rayuwa, da kwazazzabai da ruwan damina ya yanka, da jigawa mai rairayi wadda ke cinye ƙarfin ƙafa, sa'an nan fadamu masu sanyi inda ake noman rani. Wahalarta tana ga rana da ƙishirwa da ƙarangiya, waɗannan kuwa sun isa su gwada mutum.

Dalilin da ya sa na zaɓi yankin Sifawa da Boɗinga zuwa Yabo da Shagari bai wuce biyu ba. Na farko, arewacin hanyar, watau Gudu da Tafkin Kwatto da kewayensu, ya faɗa cikin fitinar 'yan bindiga, har da waɗanda ake kira Lakurawa, haka nan gabashinta wajen Alƙalawa da Sabon Birni, ta yadda ba mai hankalin da zai shawarci ɗalibai su shiga can a ƙafa a halin da ake ciki. Na biyu, wannan yanki gajere ne, babban titi yana kusa da shi ko'ina, garuruwa suna kusa da juna, kuma tarihi ya taru a cikinsa fiye da yadda tsawonsa zai sa a yi zato. Daga Sakkwato zuwa Boɗinga kimanin kilomita 25 ne, Sifawa tana maƙwabtaka da ita. Daga Boɗinga zuwa Yabo kimanin 20. Daga Yabo zuwa Shagari ya ɗan haura 10. In an haɗa da ratse da karkatar turba, mutum ya ƙaddara tafiyar kilomita 35 zuwa 40, wadda ƙaƙƙarfan saurayi zai iya yi a yini guda in gasa yake yi, amma wanda ya zo domin ya gani ya kuma ji, kwana uku ya kamata ya ba ta.

Wajibi ne in faɗi gaskiya a nan, cewa ko wannan yanki bai kuɓuta sarai ba, domin a 'yan shekarun nan hare-hare sun kai ga wasu ƙauyuka na ƙaramar hukumar Shagari da maƙwabtanta, mutane sun bar gidajensu sun kwana a hedikwatar ƙaramar hukuma. Hali yana sauyawa daga mako zuwa mako. Saboda haka hukuncin ko a tafi ko a fasa ba a hannun matafiya yake ba, yana hannun waɗanda ke kwana su tashi a wurin, kuma in suka ce a dakata, to a dakata, ko da an riga an sayi guzuri.

Shiri yana farawa da karatu, domin wanda ya isa Sifawa bai san abin da aka yi a cikinta ba, ƙauye kawai zai gani. A wannan gari Shehu ya yi kimanin shekara biyar bayan ƙurar yaƙi ta kwanta, ya janye hannunsa daga tafiyar da mulki na yau da kullum, ya koma ga abin da ya fi so tun yana Degel, watau karantarwa da wa'azi da wallafa. A wannan tsakani ne ya rubuta Najmul Ikhwan da wasu littattafai da yake lallashin almajiransa da su a kan su daina tsananta wa juna a mas'alolin da malamai suka yi saɓani, su san cewa addini sauƙi ne. A nan ne kuma, a 1812, ya raba ɗawainiyar daula, gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Shi Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da yayansa yadda zai iya zuwa ya gaishe shi ya komo, kuma a waɗannan shekaru ne alƙalaminsa ya fi gudu: Tazyinul Waraƙat a 1813, wanda ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi a ciki, da babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili wanda ya kammala wajen 1816. Bello ma a 1812 ya gama Infaƙul Maisuri. Idan mutum ya tsaya ya yi tunani, cewa waɗannan littattafai da ake karantawa a zaurukan Kano da Ilorin da jami'o'in ƙasashen waje an rubuta su ne a 'yan shekaru kaɗan, a tsakanin garuruwa uku da ba su fi tafiyar yini guda a ƙafa ba, da tawadar da aka dafa a gida da alƙalamin gamba, ba makawa girman wurin ya cika masa zuciya.

Daga Boɗinga ɗin nan ne kuma Malam Abdullahi ya hau ya nufi Sakkwato da labarin rasuwar Shehu ya iske shi, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya juya ya tafi Gwandu da abin da ke ransa. Aka yi 'yan shekaru a haka, har ranar da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, baffa ya yi wa ɗan yayansa mubaya'a, zumunci ya koma yadda yake. Ina ganin malamin da ya kawo ɗalibai nan bai kamata ya tsallake wannan labari don kunya ba, gama ya nuna cewa mutanen nan 'yan Adam ne masu jin zafi, kuma sun san yadda ake gyara abin da ya ɓaci.

Wanda yake son ya yi wannan karatu kafin ya tashi, ya ba da yini guda a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda aka adana rubuce-rubuce da kayan tarihi, ya kuma nemi Tarihin Fulani na shi Waziri Junaidu, da Raulul Jinani na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, da littafin Murray Last a kan daular Sakkwato wanda ya fito a 1967. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi wannan hanya daga Sakkwato ta Boɗinga zuwa Gwandu a watan Mayu na 1853, ya rubuta abin da ya gani, a Gwandu ne ma ya sami kwafin Tarikhus Sudan ya kwafi abin da ya iya. Kwatanta bayaninsa da abin da ido zai gani yau darasi ne mai zaman kansa.

Bayan karatu sai neman izini, wannan kuwa shi ne ginshiƙin shirin duka, ya fi taswira da takalmi muhimmanci. A ƙasar da mutane suka sha wuya a hannun masu kai wa ɓarayin daji labari, baƙo da jaka a baya da waya a hannu yana ɗaukar hoton rijiya da hanyar shiga gari abin tuhuma ne, kuma ba za a zargi wanda ya tuhume shi ba. Don haka tun da sauran mako biyu ko uku, mutum biyu daga cikin ayari, wanda ya fi shekaru da wanda ya fi iya magana, su tafi da mota su gai da uban ƙasa na kowane yanki da za a ratsa, su cire takalmi, su durƙusa, su ce: “Ranka ya daɗe, mu almajirai ne, muna so mu taka sawun Shehu daga Sifawa zuwa Shagari, mun zo neman izini da albarka da wanda zai yi mana jagora.” In daga makaranta suka fito su zo da takardar shugabanta, su nemi uban ƙasa ya sanar da hakimai da masu unguwanni, su biya ta wurin baturen 'yan sanda na kowace ƙaramar hukuma, Boɗinga da Yabo da Shagari, su bar sunayensu da ranakun tafiyarsu. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Ɗan jagora ya kasance haifaffen wurin wanda aka san ubansa, ya raka su zuwa iyakar ƙasarsu ya miƙa su ga na gaba hannu da hannu, a kuma biya shi ladansa da daraja, kada a mai da shi kamar wanda aka yi wa alfarma.

Ayari kada ya yi yawa. Mutum biyar zuwa takwas sun isa, domin gari ƙarami yana iya saukar da wannan adadi ba tare da an takura masu gida ba, kuma kamar yadda sunna ta koyar, su naɗa ɗayansu shugaba tun kafin su fita, wanda in ya ce a tsaya za a tsaya. A bar wani a Sakkwato ko Boɗinga da mota da waya a buɗe, a riƙa kiran sa a kowane zango.

Lokaci kuwa ba shi da wuyar zaɓi. Damina ba ta dace ba, domin daga Yuni zuwa Satumba gero da dawa sun rufe turba, kwazazzabai suna cika ba zato, kuma ratsa gonar mutum da shuka a tsaye neman rigima ne. Bazara ta fi muni, gama daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, lokacin ne kuma sanƙarau ke yawo. Abin da ya rage shi ne hunturu, daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, sa'ad da an kai amfanin gona gida, karkara ta buɗe, shanun Fulani suna kiwo a kan kara, gawo ya yi ganye shar alhali sauran itatuwa sun kaɗe, dare yana da sanyin da zai sa a nemi bargo, rana kuma ba ta kai ta kayar da mutum ba. Aibinsa ƙura da tsagewar leɓe da ƙafa, maganinsu kuwa rawani ko ƙyalle a hanci da man kaɗanya.

Tsarin yini shi ne wanda fatake suka bari: a yi sallar asuba, a karya, a kama hanya da gari ya waye sosai har ana gane fuskar mutum, kada a yi sammakon duhu, a yi tafiyar sa'a uku ko huɗu, kimanin kilomita huɗu a kowace sa'a in an sami turba mai kyau, kafin rana ta take a nemi inuwar gari a yi ƙailula, a yi azahar da la'asar, in da saura a ƙarasa da sanyin yamma, amma lalle a kasance cikin masauki kafin magariba. Ba a kwana a daji, ko da tanti ya yi kyau. A kwana a inda mai gari ya nuna, zaure ne ko ajin makaranta.

Ruwa ne nauyin da ya fi kowane, domin mai tafiya a wannan ƙasa, ko a hunturu, yana bukatar lita huɗu ko biyar a yini ban da na alwala, kowace lita kuwa kilo guda ce a kafaɗa. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a yi hayar jaki da mai shi, a ɗora masa jarka biyu da tabarmi da barguna a mangala, mutane su tafi da gora da 'yar jaka kawai. Ta haka an sami sauƙi, wani magidanci kuma ya sami abin cefane. A sha ruwan famfon burtsatse inda yake, na rijiya a tafasa ko a sa masa maganin tsarkakewa, na tafki kuwa a bar wa dabbobi. Guzuri kada ya wuce abin da ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin rogo da sukari, soyayyar gyaɗa, fura da nono da ƙosai a saya a hanya, domin kuɗin baƙo ya shiga hannun matan garin. A riƙe gishiri da sukari na haɗa ruwan da ke mayar da ƙarfin jiki in gudawa ko zafi ya kama wani, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta. Takalmi ya zama rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri saboda ƙaya. Malfa a ka, sanda a hannu, tocila da dare. Kububuwa tana son gindin kara da ƙarƙashin duwatsu, don haka ba a cusa hannu inda ido bai gani ba, in kuwa tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a kwantar da mutum a kira mota a nufi asibiti nan take.

Akwai mas'alar da ɗalibai za su tambaya tun a zangon farko, gara a warware ta a gida. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Risala ta kawo, ba a yin ƙasaru sai tafiya ta kai baridi huɗu, watau mil 48, kimanin kilomita 80. Saboda haka wanda ya fito daga Sakkwato da niyyar tsayawa a Shagari zai cika sallarsa raka'a huɗu, duk gajiyar da ya yi. Taimama kuwa tana halatta in ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, ko da yake a ƙasa mai garuruwa kusa da juna irin wannan da wuya a kai ga haka. Wajen ziyarar maƙabartu a tsaya ga abin da Shehu da kansa ya karantar: sallama da addu'a da wa'aztuwa.

Yinin farko a ba Sifawa da Boɗinga shi gaba ɗaya, a roƙi dattawa su nuna inda gidan Shehu da masallacinsa suka kasance, da inda Malam Abdullahi ya zauna, a saurari abin da suka gada daga iyayensu ba tare da gardama ba, ko da ya saɓa wa abin da aka karanta, a rubuta shi yadda aka ji. Wanda ke da sauran lokaci ya tambayi labarin Satiru, wadda ke gabas da nan wajen Dancadi, inda a watan Fabrairu na 1906 talakawa da gatura da fartanya suka karya rundunar Turawa, a watan Maris kuma aka komo aka shafe garin, aka kashe mutane masu yawan gaske, ba a sake zama a cikinsa ba.

Yini na biyu shi ne mai tsawo, daga Boɗinga zuwa Yabo. Yabo garin Muhammadu Moyijo ne, shugaban Fulanin Kabi, wanda ya buɗe wa jama'a ƙasarsa da rumbunansa a daminar 1804 lokacin da ba su da inda za su sa kansu, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Yabo har yanzu. Daga Magabci ne Shehu ya aika wa sarakunan ƙasar Hausa takardu yana bayyana musu abin da ya raba shi da Sarkin Gobir Yunfa, yana kiran su su taimaki gaskiya. A nemi fada ta ba da wanda zai kai ayari wurin.

Yini na uku gajere ne, ana iya isa Shagari kafin azahar. Wannan 'yar tafiya tana da nata tarihi na kusa, domin Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa a garin a 1925, ɗan Magajin Shagari Aliyu, a Yabo ya yi makarantar elementare daga 1931 zuwa 1935 kafin ya wuce Midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna. Ya yi aikin malanta, ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su san ƙasarsu, ya zama shugaban ƙasa daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983, bayan an sake shi daga tsare a 1986 aka iyakance shi a wannan gari nasa, kuma a nan aka yi masa sutura da ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018. Shi da Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana binciken rayuwar Nana Asma'u, sun wallafa ɗan littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu a 1978. A Shagari ne kuma, a watan Maris na 1903, rundunar Turawa da ta fito daga Kano ta haɗu da wadda ta taso daga Argungu, suka nufi arewa ta wannan hanya da matafiyanmu suka biyo, aka yi yaƙin Sakkwato ranar 15 ga watan. Akwai madatsar ruwa a gefen garin da lambuna a kewayenta, wurin hutawa mai kyau. Amma a kiyayi shiga kwalekwalen da aka cika maƙil, gama a watan Afrilu na 2022 wani ya kife a ruwan Shagari, mutum kusan talatin suka rasu, mafi yawansu yara da matasa.

Za a ce wannan sha'anin maza ne. Tarihin ƙasar bai yarda da haka ba, domin 'yan taru na Nana Asma'u, tsofaffin mata da 'yan mata, a ƙafa suke tasowa daga ƙauyuka, jaji tana gaba da malfa a kanta, su zo su ɗauki karatu su koma su karantar da na gida. Makarantar 'yan mata da ta shirya nata ayari, da malamai mata da muharramai da masauki a cikin gida wurin matan hakimi, ta bi gajeren zango kamar na Sifawa zuwa Boɗinga, ba ta kawo baƙon abu ba.

Abin da ya rage aikin hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Da gwamnatin jiha da Majalisar Sarkin Musulmi da masana tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su zauna su daidaita a kan turba guda, a kafa ginshiƙan siminti masu lamba a kowace mararraba, a rubuta allo da boko da ajami a kowane masauki, a gyara famfo ɗaya da ɗakin baƙi ɗaya a kowane zango, a koya wa samari biyu ko uku na kowane gari tarihin garinsu domin su zama 'yan jagora masu abin yi, da an sami hanyar da makarantun Kano da Katsina da Maraɗi za su riƙa turo ɗalibai kowane hunturu. Kafin a kai ga haka, ayarin farko su rubuta duk abin da suka tarar: sunan kowane ƙauye da tazararsa, inda famfo ke aiki da inda ya lalace, ranar da kasuwa ke ci, inda waya ke kamawa, su ajiye kwafi a fadar kowane uban ƙasa da suka gaisar.

Daga Shagari mota ba ta wuya, cikin sa'a guda an koma Sakkwato. Waɗanda suka ji ƙafarsu ta yi ƙwari su bar sauran zuwa wani hunturu: daga Shagari zuwa Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, sa'an nan a tsallaka cikin Jihar Kebbi zuwa Gwandu, inda kabarin Malam Abdullahi yake. Wannan yanki ya fi na farko tsawo, yana bukatar sabon izini daga wata masarauta da wata rundunar 'yan sanda, kuma wanda ya ɗaura niyyarsa tun daga Sakkwato har Gwandu a tafiya guda, wadda ta haura kilomita 90, ya shiga hukuncin matafiyi, zai yi ƙasaru da zarar ya bar gine-ginen gari.